Shirin Musamman: Ɓeran Masar da Hayaƙin Donora

Yau za mu leƙa Donora, wani ƙaramin gari a jihar Fensilbaniya ta Amurka.

A ƙarshen watan Oktoban 1948, hazo ya lulluɓe garin, ya danne hayaƙin masana'antun ƙarfe da tutiya har tsawon kwana biyar. Mutum 20 suka rasu, dubbai suka kwanta da sarƙewar numfashi. Mene ne a cikin hayaƙin ya yi wannan ɓarna? Domin neman amsa, aka koma ga dabbobi.

Cikin waɗanda suka ɗauki aikin akwai Mary Amdur ta Jami'ar Habad. Ta yi amfani da ɓeran Masar, wanda hanyoyin iskar huhunsa ke saurin tsukewa, kusan irin na mai asma. Daga baya ita da Jere Mead suka ƙirƙiro dabarar auna wahalar da iska ke sha wajen shiga huhun dabbar ba tare da an sa ta barci ba, suka wallafa a 1958.

Ga abin da ta gano. In ɓera ya shaƙi gas ɗin farar wuta, irin wanda ke cikin hayaƙin masana'antun, shi kaɗai, hanyar iska kan ɗan tsuke. In ya shaƙi feshin ruwan gishiri shi kaɗai, ko gezau. Amma a haɗa su, sai tsukewar ta yi tsanani ƙwarai. Yawancin gas ɗin a hanci yake narkewa. Ƙananan ɗigon nan su ke goya shi zuwa can cikin huhu. Wani kamfanin narka ƙarfe ne ke biyan kuɗin bincikenta na farko, sakamakon bai yi masa daɗi ba, ita kuma ta ƙi janyewa, ta rasa gurbinta a ɗakin binciken. Mace mai kafiya, kuma da gaskiyarta.

Masu bincike na baya suka tono wani abu da ya fi ba da tsoro: hayaƙi kan wuce, huhu bai huce ba. A shekarun 1980, an shaƙa wa karnuka iskar ozon a San Faransisko, sannan aka fesa musu maganin da ke tsuke hanyar iska. Ɗan kaɗan da a da ba ya damunsu, yanzu ya isa ya shaƙe su, fararen ƙwayoyin jini kuma sun yi cincirindo a bangon hanyar. A jikin ɓeran Masar kuwa, an ga wasu daga irin waɗannan ƙwayoyi na fitar da sinadarin da ke lalata birkin jijiyar da ke umartar tsoka ta matse. Birki ya tsinke, tsoka sai ta yi ta matsewa.

To, ɓera ba mutum ba ne. Ta hanci yake numfashi, mu kuwa har da baki. Sai dai a 1985 likita Stuart Brooks da abokan aikinsa sun bayyana mutanen da shaƙa ɗaya tak mai ƙarfi ta bar su da ciwo irin na asma na watanni, wasu shekaru, alhali kafin nan lafiyarsu ƙalau. Gas ɗin kulorin na cikin masu haddasa wannan, kuma uwargida, shi ne ke tashi in kika haɗa ruwan bilic da maganin wanke masai mai asid a banɗakin da ba taga.