Yadda A Ke Kula Da Furen Gadiniya

Wani lokaci baƙo ya kan kawo wa Hakimi kyautar shuka a tukunya, mai ganye kore shar da farin fure mai ƙanshi. A Kano irin wannan kyauta ta saba shiga birni ta Ƙofar Nassarawa, gama a bayanta ne unguwar Nassarawa ta ke, inda Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a 1909, inda kuma aka daɗe ana renon furannin ƙasashen waje a gidajen ma'aikata. Hakimi ya yi godiya, ya danƙa ta a hannun malaminsa. Kafin wata biyu ganye ya yi rawaya ya zube. Ran da mai kyauta ya komo ya tambayi labarinta, kunya ta kama gidan duka.

Sunan shukar gadiniya. Asalinta daga kudancin ƙasar Sin ne, kuma 'yar'uwar gauɗe ce, wanda a ke gani a dazuzzukan Arewa. Amma shi gauɗe ya saba da fari, ita kuwa sam ba ta saba ba.

Abin da ya fi kashe ta cikin birni shi ne ruwa. Yawancin rijiyoyin birni ruwansu na zartsi ne, gadiniya kuwa ƙasa mai ɗan tsami ta ke so. In aka dinga ba ta ruwan zartsi, gishirinsa ya kan taru a tukunya kaɗan kaɗan, har a ga fari-fari a bakinta, saiwa ta kasa jan sinadarin ƙarfe daga ƙasa. Alamar wannan ba ta ɓuya: sabon ganye ya yi rawaya, jijiyoyinsa kaɗai su ke kore. Mai kula ya ga haka, ya zaci ƙishirwa ce, ya ƙara mata ruwan nan dai, cuta ta ƙaru. Saboda haka ruwan sama ya fi kowane. A tara shi a randa da damina, musamman cikin Agusta, a rufe don kada sauro ya yi ƙwai. In ya ƙare, ruwan famfo da aka bari ya kwana ya fi na rijiya. Kafin a zuba a tsoma yatsa cikin ƙasar. In da danshi, a dakata sai gobe. Lalle ne gindin tukunya ya kasance da huda.

Toka taki ce mai kyau a gona, amma ga wannan shuka guba ce. Haka kanwa, haka ruwan wanki. Ya kamata malami ya faɗa wa yaran gida wannan da bakinsa, domin da kyakkyawar niyya su ke zubawa. Abin da ya dace da ita shi ne ruɓaɓɓen ganye a gauraya da yashi, da ɗan ganyen shayi da aka riga aka dafa.

Cikin zaure akwai duhu, tsakar gida kuwa rana ta yi yawa. A ajiye ta gabas da ɗaki, inda hantsi zai same ta, inuwa ta rufe ta kafin azahar, balle da bazara. A ɗora ta inda awaki ba su kaiwa. Da hunturu iska ta kan bushe ƙwarai, furen da bai buɗe ba ya kakkaɓe. Sai a jera tsakuwa cikin kasko, a zuba ruwa, a ɗora tukunyar bisa tsakuwar, a kuma goge ƙurar ganye da jiƙaƙƙen tsumma. In ta fara ɗaukar fure kada a yi ta sauya mata wuri. Baƙi su sansana, amma kada su taɓa, gama inda yatsa ya taɓa nan da nan ya kan yi ƙasa-ƙasa.

In an ga wasu fararen ƙwari kamar auduga a maƙale a gindin ganye, a share su tun ba su yaɗu ba. Da damina kuma a yanki reshe ɗanye, tsawon inci 4, a cire ganyen ƙasa, a dasa a yashi mai danshi cikin inuwa. Cikin mako 6 zuwa 8 ya kan yi saiwa, sa'an nan a mai da shi tukunyarsa.