Takalmin iyo na hawan taguwar teku: abin dubawa kafin a fidda kuɗi

Da yawa daga cikin iyalanmu sun daɗe da zama a biranen bakin teku. Fatauci ne ya kai kakanni Kwatano da Lome da Abijan da Akra da Duwala, ƴaƴa da jikoki kuwa can aka haife su, teku bai zame musu abin mamaki ba kamar yadda yake ga wanda ya tashi a Maraɗi ko Damagaram. Ranar Lahadi ko lokacin babban hutu samari kan nufi bakin ruwa, da sanin iyaye ko ba da saninsu ba. Cikin wasannin da suke yi akwai hawan taguwa da ƙirji: mutum ya yi iyo har inda taguwar ruwa ke tasowa, ya juya mata baya, ya miƙe jikinsa kamar sanda, ta ɗauko shi ta sulalo da shi zuwa gaɓa, ba allo ba kwalekwale. Yaron da ya ɗanɗana wannan wasa, ba a jimawa zai zo gida ya ce a saya masa takalmin iyo, wato mai faɗin bakin nan kamar ƙafar agwagwa, wanda masu shaguna ke kira palmes da Faransanci. Kafin maigida ya ce to ko ya ce a'a, ya kamata ya san abin da ake roƙonsa.

Wasan kansa tsoho ne a gaɓar Afirka ta Yamma. A shekarar 1834 wani hafsan sojan Ingila mai suna James Alexander ya rubuta cewa ya ga yara a Akra suna hawan taguwa da ƴan alluna a ƙarƙashin cikinsu. Takalmin ne ya zo daga baya. Wani hafsan sojan ruwa na Faransa, Louis de Corlieu, shi ya ƙirƙiro shi, ya kuma yi rajistarsa a 1933 a matsayin kayan iyo da ceton rai. Wajen 1940 wani Ba'amurke mai suna Owen Churchill, wanda ya ci lambar zinariya a tseren jiragen ruwa na wasannin Olamfik na 1932, ya sami izinin ƙera shi a Amurka, ya gyara masa fasali. Sojojin ƙundumbala na ruwa sun yi aiki da shi a Yaƙin Duniya na Biyu, bayan yaƙi kuma ya faɗa hannun masu wasa a Kalifoniya da tsibiran Hawai da Ostareliya, inda har yau cibiyar wannan wasa take. Wasunmu za su tuna hotunan Barack Obama na shekarar 2008, lokacin yaƙin neman zaɓe, yana hawan taguwa da ƙirji a wani bakin ruwa na Hawai, mahaifarsa.

To, mene ne amfanin takalmin? Taguwar da ke shirin fashewa a ruwa mai zurfin mita 2 tana tafiyar kusan mita 4 da rabi a daƙiƙa guda. Gwanayen iyo na duniya, waɗanda ke cinye mita 50 cikin wajen daƙiƙa 21, ba su kai mita 2 da rabi a daƙiƙa ba, talaka irinmu kuwa in ya yi mita guda ya yi ƙoƙari. Mai son taguwa ta ɗauke shi dole ya yi wani irin yunƙuri na ɗan lokaci kaɗan, shuri uku ko huɗu masu ƙarfi, don ya shiga gangarenta kafin ta wuce ta ƙarƙashinsa. Wannan gajeren yunƙuri shi ne aikin takalmin, kuma shi ya sa ba kowane takalmin iyo ne ya dace ba.

Nan ne kuɗin mutane da yawa ke salwanta. A shago ɗaya za a tarar da iri uku a rataye kusa da juna. Akwai dogo na masu nutso cikin zurfin teku, wani ma ya kai santimita 80 ko fiye. Yana da kyan gani, kuma yara shi suke fara nunawa, amma an yi shi ne don shuri mai nisa a natse. Cikin taguwa yana da nauyin juyawa, ruwa kan murɗe shi ya murɗe idon sawu tare da shi. Akwai kuma mai laushi na koyon iyo a tafkin otel ko na makaranta, wanda ke rufe diddige kamar takalmi sau-ciki. Shi kuma in aka shura da ƙarfi sai ya lanƙwashe, ga shi taguwa na zare shi daga ƙafa cikin sauƙi. Na ukun shi ake nema: gajere, mai kauri, bakinsa mai tauri, gidan ƙafarsa mai laushi, diddige a buɗe da maɗaurin roba guda wanda aka zuba tare da jikin takalmin. Mai maɗauri irin na bel, wanda ake ja a sassauta, a bar wa masu nutso, domin ƙarfen ko robar da ke riƙe shi ita ce ke fara karyewa.

Sanannun sunaye a wannan fage ba su da yawa. Churchill yana nan har yau, mai baki a karkace kamar wutsiyar kifin dolfin, kuma yana da dama da hagu. DaFin ya yi suna a hannun masu ceton rai na Hawai, ana sa shi a kowace ƙafa, ba dama ba hagu. Viper kuwa wani mai hawan taguwa ne, Fred Simpson, ya tsara shi saboda wani wuri a Kalifoniya da ake kira Wedge, inda taguwa ke dukan katangar duwatsu ta dawo ta haɗu da mai bi mata, su tashi su kai mita 6 ko fiye. Shi ya sa yake da haƙarƙari masu tauri a gefe. Mun kawo sunayen ne don mai saye ya san fasalin da zai nema, ko da wani kamfani ne ya ƙera. A ganinmu yaro ko wanda bai saba ba ya fara da mai matsakaicin tauri. Mai tauri ƙwarai yana ba da gudu, amma yana neman ƙafar da ta horu, in ba haka ba jijiyar sha-raɓa kan ɗaure, kuma ɗaurewar jijiya a inda ƙafa ba ta taɓa ƙasa ba ƙaramin abu ba ne.

Duk da haka, abin da ya fi suna da fasali muhimmanci shi ne yadda takalmin ya zauna a ƙafa, kuma a nan muke roƙon iyaye mata musamman su saurare mu. Mun saba in za a saya wa yaro takalmin Salla a ƙara lamba ɗaya ko biyu, a ce ai zai girma ya cika shi. Wannan dabara ta tattali tana da kyau a tudu, a teku kuwa haɗari ce. Takalmin iyo mai yalwa taguwar farko ce za ta tafi da shi. In kuma ya matse ainun, zai hana jini gudu, yatsu su yi sanyi, tafin ƙafa ya ɗaure. Abin da ake so shi ne ya kama ƙafa ko'ina kamar safa, yatsu su miƙe ba tare da sun naɗe ba, maɗaurin baya ya kwanta a kan agara, yatsa ɗaya na hannu ya shiga tsakaninsu da ƙyar. A gwada shi da jiƙaƙƙiyar ƙafa, a zauna a kan kujera a ɗaga ƙafar a kaɗa ta sama da ƙasa da ƙarfi. In diddige na zamewa, ya yi yawa. A bar shi a ƙafa minti biyar ko goma kafin a yanke shawara, domin matsi ba ya bayyana nan take. Mai shagon da ya ƙi yarda a gwada, a yi masa sallama a nufi wani.

Lambar da aka rubuta a jiki ba abin dogaro ba ce ita kaɗai. Yawanci lamba biyu ake haɗawa, kamar 40 da 41, kuma awon wannan kamfani ba ya zama daidai da na wancan. Ga shi ƙafafu sun bambanta: mai faffaɗan tafi da mai tudun bayan ƙafa sukan sha wuya da takalmin da ya yi wa mai siririyar ƙafa daidai, alhali lambarsu ɗaya. Wanda zai yi saƙo wurin ɗan'uwa a Faransa ko Amurka, ko zai saya ta intanet, ya ɗora ƙafar yaron a kan takarda ya zana ta, ya auna tsawo da faɗi da santimita, ya aika. In ƙafar ta faɗa tsakanin lamba biyu, sai a ɗauki babbar a haɗa da ƴar safar roba mai laushi irin ta masu nutso, wadda ke cike gurbin, tana kuma hana kanta da ƙujewar fata a kan yatsu da idon sawu.

Sai a duba robar. Mafi yawan nagari da robar itace ake yin su, irin wadda ake tatsa a gonakin Kodebuwa, ƙasar da ta fi kowace a Afirka noman roba. Tana da nauyi a hannu, tana lanƙwasuwa ta koma yadda take. Na leda mai ƙyalli da ake sayar wa yara tare da tabarau da bututun numfashi a ƙunshi guda kayan wasa ne, ba a shiga taguwa da shi. A tabbata akwai ƴar kafa a ƙarƙashi ko wajen yatsu, ta inda yashi da tsakuwa za su fita, don yashin da ya maƙale a ciki yana cin fata kamar magagari. A kuma nemi mai tasowa saman ruwa. Gwajin ba wuya: a jefa shi cikin bokiti, in ya taso a ruwan famfo to zai taso a na teku, tunda ruwan gishiri ya fi ɗaukar kaya. Launi mai haske, rawaya ko ruwan lemo, ya fi baƙi sauƙin hangowa cikin kumfa. Akwai ɗan igiya da ake zargawa a maɗaurin a ɗaura a idon sawu. Kuɗinsa kaɗan ne, kuma mu dai ba ma ganin cinikin ya cika in ba a haɗa da shi ba.

Manyan shagunan kayan wasanni na Dakar da Abijan da Akra sukan kawo irin wannan takalmi, galibi a sashen masu hawan taguwa da gajeren allo, domin takalminsu ɗaya ne. A kasuwar gwanjo ma akan dace da nagari da araha. Sai dai a ja maɗaurin a duba inda ya haɗu da jikin takalmin: in an ga ƴan tsage-tsage, ko robar ta yi fari tana gari, ko tana danƙo a hannu, rana ta riga ta cinye ta, kuma a cikin ruwa za ta tsinke.

Me ya sa muka tsawaita haka a kan maɗauri da awo? Saboda irin tekun da muke zaune a bakinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen 300,000 ne ruwa ya ci a shekarar 2021, kuma yara da matasa na da kaso babba a ciki. Gaɓar Lome da Kwatano da Garan Basam tana da gangare, taguwa na fashewa dab da yashi da ƙarfi, kuma ta fi hauka daga watan Yuni zuwa Satumba, daidai lokacin da makarantu ke hutu. Ruwan da taguwa ke tarawa a gaɓa dole ya koma, sai ya sami wani gurbi a cikin yashi ya kwarara zuwa cikin teku kamar rafi. Wannan jan ruwa yakan yi rabin mita a daƙiƙa, an kuma auna wanda ya kai mita 2 da rabi, gudun da ko gwanin duniya ba ya iya gaba da shi. Wurin yakan yi kama da inda ya fi lafiya, don taguwa ba ta fashewa a nan, ruwan ya yi duhu ya kwanta. Wanda ya faɗa ciki kada ya yi kokawa da shi yana neman gaɓa kai tsaye. Ya yi iyo ta gefe, yana bin tsawon gaɓar, har ya fita daga magudanar, sannan taguwa ta taimaka masa ya dawo. Mai takalmi biyu a ƙafa yana da ƙarfin yin haka. Wanda ɗaya ya zare masa a tsakiyar ja, ga gajiya ga firgita, halinsa ya fi na wanda tun farko bai yi nisa ba.

Don haka akwai yaron da bai kamata a saya masa ba tukuna. Takalmi na kai mutum inda ƙafarsa kaɗai ba za ta kai shi ba, yana kuma sa shi jin ya fi ƙarfinsa. Shawararmu ita ce uba ya ga da idonsa ɗansa na iya iyo mai tsawo ba takalmi, yana kuma iya tsayawa a ruwa mai zurfi minti da yawa ba tare da ya kama komai ba. In ya cika wannan, a saya masa, da sharaɗin ba zai shiga shi kaɗai ba, kuma sai inda hukuma ta yarda da wanka, inda akwai masu ceto. A Dakar, alal misali, akwai bakunan ruwa da dama da aka haramta wanka a cikinsu, kuma takalmi ba ya ɗage wannan hani.

Ranar farko a nuna masa ba a tafiya gaba da takalmin a kan yashi, don bakinsa na harɗe mutum. Ko dai ya shiga da baya, ko ya riƙe shi a hannu har ruwa ya kai ƙugu sannan ya sa. In taguwa ta ɗauke shi, hannu ɗaya ya kasance a miƙe a gaban kai koyaushe, domin inda ruwa ba zurfi kai da wuya ne ke fara haɗuwa da ƙasa. In an dawo gida a ɗauraye takalmin da ruwan famfo, a shanya shi a inuwa, a ajiye shi a kwance, nesa da kwanon rufi da bayan mota.