Inji Mai Siffar Tauraro

Wannan inji ne da ake jera silindojinsa kewaye da sandar juyawa guda, kamar wayoyin ƙafar keke. Iska ce ke sanyaya shi, saboda haka ba ya buƙatar lagireto. Daga shekarar 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen Blenheim masu irin wannan inji sun riƙa yada zango a Kano, a hanyarsu daga Takoradi zuwa Alƙahira. Amurka ta saka mai silinda 9 cikin tankar yaƙi ta Sherman, haka ma jirgi mai saukar ungulu, Sikorsky H-19. Yau masu ƙere-ƙere kan ɗora shi a babur don sha'awa. 'Yan'uwa ɗalibai, sunan nan ya dace kuwa?