Gaɓar ƙarfe ita ma tana cinyewa

Kun san itacen bakin rijiya. Igiya ba ta da kaifi, amma yau da gobe sai ta yi mashi gurbi. Haka abin yake ga gaɓar ƙarfe da likitoci ke sa ma mutum a kwatangwalo.

In gaɓar mutum ta lalace, don tsufa, ko karaya, ko amosanin jini, ana yin fiɗa a cire kan ƙashin cinya. A sa ƙarfe mai kai kamar ƙwallo. A sa ƙoƙon roba mai tauri inda ƙwallon zai riƙa juyawa. Duk takun da mutum ya yi, ƙarfe ya gogi roba.

Wani likitan Ingila, John Charnley, ya sha wuya kan wannan. Da fari ya yi ƙoƙon da robar Teflon. Cikin ƴan shekaru kaɗan ta cinye, dole ya sake fiɗar mutanen. A 1962 ya koma ga wata roba, foliyetilan. Ita tana raguwa kamar milimeta 1 cikin shekara 10.

Za ku ce wannan ai ba komi ba ne. To, ba raguwar ce babbar matsala ba, garin da ke zuba ne. Ido ba ya ganin shi. Ƙwayoyin da ke tsaron jiki su ɗauke shi baƙo, su haɗiye, su kasa narkar da shi. Cikin wannan faɗan sai ƙashin da ke riƙe da ƙarfen ya riƙa zaizayewa, kamar gara ta ci gindin dirka. Ƙarfe ya fara girgiɗi. Abin tsoron, sau da yawa babu ciwo da fari.

Wajen ƙarshen shekarun 1990 an samo robar da ta fi jimiri ƙwarai. Wani bincike da aka buga a Ingila a 2019 ya nuna, cikin gaɓoɓin kwatangwalo 100, kamar 58 suna kai shekara 25.

Saurayi mai amosanin jini ya fi tsoho zirga-zirga, tashi gaɓar ta fi shan guga. Wanda aka sa ma ƙarfe ya rage ɗaukar buhu da tsalle. Ya koma a yi mashi hoton ƙashi ranar da likita ya sa, ko da yana jin garau. In ya ji ciwo a matsematsi ko cinya, ko ya fara ɗingishi, kada ya jira ranar.