INA TUWO KE ZUWA BAYAN MUN HAƊIYE SHI?

Jama'a, kullum muna cin tuwon dawa, muna shan fura da kunu. To amma ta yaya lomar tuwo ke zama ƙarfin da manomi ke riƙe garma da shi? Sanin wannan zai taimake mu ceton ran yaranmu idan gudawa ta kama su.

Duk wanda ya ga an feɗe ragon layya ya san kayan ciki: tumbi da hanji da hanta da matsarmama. Mutum ma yana da su. Hanyar abinci doguwa ce guda ɗaya, daga baki zuwa dubura. Tsawonta ya kai kamar mita 9.

BAKI DA TUMBI

Aiki daga baki yake farawa. Babban mutum yana da haƙora 32. Su ne turmi da taɓaryar jiki. Yawu yana jiƙa abinci, yana fara narkar da shi. Saboda haka a riƙa tauna abinci sosai.

Idan an haɗiye, sai abinci ya bi maƙoshi ya sauka tumbi. Tumbi yana da wani ruwa mai tsami ƙwarai, mai kashe ƙwayoyin cuta da yawa. Yana dama abincin har ya koma kamar kunu. Wannan kan ɗauki awa 2 zuwa 4.

HANJI

Daga tumbi sai ƙaramin hanji. Siriri ne, amma tsawonsa kamar mita 6. Nan ne babban aiki yake. Hanta tana yin wani ruwa mai ɗaci, matsarmama ta adana shi. Shi ke taimakawa wajen narkar da maiƙo, kamar man gyaɗa da man shanu. Sai bangon hanji ya tsotse amfanin abincin da mafi yawan ruwan, ya zuba su cikin jini. Jini kuma ya kai wa kowace gaɓa rabonta.

Abin da ya rage sai ya shiga babban hanji, mai tsawon kamar mita ɗaya da rabi. Shi ma ya tsotse sauran ruwan. Tukar da ta saura ita ce bayan gida.

IDAN HANJI YA ƁACI

Da damina, ruwan sama kan kwashe ƙazantar bayan gari ya kai ta kududdufi da rijiyar da ba ta da murfi. Ƙuda ma yana ɗauko ta ya sauka kan abinci. Idan ƙwayoyin cuta suka shiga hanji, sai ya kasa tsotse ruwa. Ruwan jiki da gishirinsa su yi ta zuba. Wannan ita ce gudawa. A shekarar 2021 cutar amai da gudawa ta addabi jihohi da yawa, har da Kano.

Ƙarewar ruwan jiki ita ke kashe yaro. Alamunta su ne faɗawar ido, da lotsawar maɗiga, da bushewar baki, da ƙarancin fitsari. Kuskure ne a hana shi ruwa don wai gudawar ta tsaya. Hausawa sun ce, da ruwan ciki ake jan na rijiya.

ABIN YI

A ba shi ruwan gishiri da sukari. Sukari yana taimaka wa hanji ya jawo gishiri da ruwa zuwa jini. Na leda da ake samu a asibiti ya fi, a haɗa shi yadda aka rubuta a jikinsa. In babu, a sami tafasasshen ruwa lita 1 da ya huce. A zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Uwa ta ci gaba da ba shi nono da abinci. A nemi ƙwayar zinki wajen ma'aikacin lafiya, a ba shi kwana 10 zuwa 14.

Idan akwai jini a bayan gidan, ko amai ya ƙi tsayawa, ko yaro ya kasa sha, a garzaya asibiti nan da nan.

Mutanen Tsanyawa da 'Yankamaye da Gurun da sauran ƙauyuka, mu rufe rijiyoyinmu, mu yi amfani da masai, mu wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa iyalinsa. Allah Ya ba mu lafiya, amin.