Rakiyar Mamaci a Wusasa

Duk wanda ya taɓa halartar jana'iza a Wusasa, garin nan da ke gindin dutse daura da birnin Zazzau, inda 'yan mishan suka tare a 1929 aka kuma gina majami'ar Bartalamawas Mai Tsarki da ƙasa bisa fasalin ginin Hausa, zai shaida cewa Kiristocin wurin sun riƙe ladubban makoki na kakanninsu, sa'an nan suka shimfiɗa aƙidar Almasihu a kai. Da an yi rasuwa sai a baza tabarmi a ƙofar gida, maƙwabta Musulmi da Kirista suna ta zuwa ta'aziyya, ana cewa "Sannunmu da haƙuri, Allah ya ba da dangana."

Ba a gaggauta biso, domin akan saurari dangi na nesa, kuma daren da za a wayi gari a kai mamaci makwancinsa akan raya shi da addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki, matan zumuntar majami'a sanye da zane iri ɗaya suna waƙoƙin tashin ƙiyama, hawaye na zuba amma murya ba ta karyewa, gama a wurinsu wanda ya cika da imani barci ya yi.

Abin da ya fi ratsa ni, haƙiƙa, shi ne karanta tarihin marigayi a cikin majami'a, akwatin gawa na ajiye gaban jama'a. Na ga wani magidanci ya miƙe, takarda tana rawa a hannunsa, yana ba da labarin mahaifiyarsa, ya wuce batun gida da gona a numfashi ɗaya, ya daɗe a kan marayu uku da ta rena, da amanar kuɗin zumunta da ta riƙe shekara da shekaru ko kwabo bai yi ciwon kai ba, da wasiyyar da ta bari cewa kada 'ya'yanta su kwana da gaba. Tsofaffi na ta gyaɗa kai, kowa kuwa, ina zato, yana lissafin abin da za a karanta a ranarsa.

A makabarta limamin majami'a ya ɗebi ƙasa ya zuba kan akwatin, dangi suka bi bayansa ɗaya bayan ɗaya, ƙaramar cikin marayun nan ce ta ƙarshe, da jaririnta goye a baya.