Ƙuri'a a Dama, Sanda a Hagu: Japan a 1925

Duk lokacin da na ji ana yabon Japan da saurin wayewa, sai in tuna zaɓenta na farko a 1890. Namiji kaɗai ke jefa ƙuri'a, shi ma sai ya kai shekara 25, yana kuma biyan harajin yen 15 a shekara. Mutum kimanin 450,000 ne suka cika sharaɗin, wato ɗaya cikin ɗari, galibinsu masu gonaki. Manomin haya da ke dashen shinkafar kuwa ɗan kallo ne.

A 1900 aka rage kuɗin zuwa yen 10, aka fara zaɓen sirri. Tarzomar tsadar shinkafa ta 1918 ta yi awon gaba da gwamnati, Hara Takashi ya zama firayim minista, ya mai da sharaɗin yen 3. Ana yi masa kirarin firayim ministan talakawa don ba shi da sarauta, amma da 'yan adawa suka nemi a soke sharaɗin ɗungurungum a 1920, rushe majalisar ya yi.

Sai a 1925, zamanin Kato Takaaki, aka cire haraji daga maganar zaɓe. Masu ƙuri'a suka tashi daga miliyan 3 da ɗoriya zuwa sama da miliyan 12. Mata dai ba a sa da su ba. Ichikawa Fusae da abokan gwagwarmayarta sun jira har Disamban 1945.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, majalisar da ta buɗe wannan ƙofa ita ce, a zama guda, ta zartar da Dokar Kiyaye Zaman Lafiya, wadda ta tanadi ɗaurin har shekara 10 ga mai kafa ƙungiyar neman sauya tsarin sarauta ko soke mallakar dukiya. A ganina ciniki aka yi: an ba leburan masaƙa ƙuri'a, an kuma iyakance masa wanda zai zaɓa.

An gwada sabon tsarin ranar 20 ga Fabrairu 1928, jam'iyyun ma'aikata da manoma suka ci kujeru 8. Ranar 15 ga Maris 'yan sanda suka kama kimanin mutum 1,600 bisa zargin gurguzu. Yamamoto Senji, ɗaya daga cikin takwas ɗin, ya dage kan adawa da sanya hukuncin kisa a dokar. Ranar 5 ga Maris 1929 wani mai tsananin kishin sarauta ya daɓa masa wuƙa a masaukinsa a Tokiyo, ya mutu.